Ranar da Iska Ta Tsallakar da Mu Kwara

Ko tsufa ya ɗauke mini komai, akwai rana guda da na san ba za ta fita daga raina ba: ranar da muka kwaso mutanen wata tunga, wato ɗan ƙaramin ƙauye, daga bakin ambaliya, a jiragen da ba su da inji, sai ƙyallen buhu da na ɗinka da hannuna. Shekaru sun ja, yaron da nake goyo a lokacin ya zama saurayi, amma har yau idan iskar damina ta kaɗa labulen shagona, sai in ji zuciyata ta yi tsalle kamar ina tsakiyar ruwa.

Ni tela ce. Ƙauyenmu yana ƙasar Bagudo, a bakin Kwara, inda idan ka yi yamma kaɗan a ruwa sai ka ji ana gaishe ka da Dendanci, ka ƙara gaba kuma ka shiga Benin ba ka sani ba. Mahaifina ya yi aikin sojan ruwa. Ya zauna Legas, ya zauna Fatakwal, bai kai wani babban muƙami ba, ya yi ritaya ya dawo gida ya kama noman shinkafa kamar kowa. Abin da ya dawo da shi wanda ba kowa ke da shi ba, labari ne guda.

Labarin wani Bature ne na Ingila, babban kwamandan jiragen yaƙi na zamanin da ba a san inji ba, lokacin da iska ce kaɗai ke tura jirgi a teku. Wani hafsa ne ya ba su tarihinsa suna horo, Baba kuwa ya haɗiye shi kamar karatun allo. Sunan mutumin yana da wuyar faɗa a bakinmu, don haka Adimiral kawai muke ce masa, wato sunan muƙaminsa. Bayan la'asar, idan Baba ya zauna gindin mangwaron ƙofar gida, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba za ka ji yadda aka kai shi jirgi yana yaro ƙarami, yadda ya yi ta amai saboda rawar teku, yadda yake hawa dogayen itatuwan jirgi cikin sanyi yana kwance igiya, abincinsa nama mai gishiri da busasshen burodi mai ƙwari. Za ka ji yadda ya ci jarrabawa ya zama ƙaramin hafsa, aka ba shi jirgin kansa, sannan yaƙi ya lafa aka ajiye shi a gida shekara da shekaru ba jirgi, yana duba gona yana jiran kira. Da kiran ya zo har furfura ta fito masa, aka damƙa masa jirage masu yawa a hannu.

Abin da ya fi burge Baba ba harbin igwa ba ne. Abu biyu ne. Na farko, mutumin yana magana da jiragensa da tutoci masu launi, kowace tuta da ma'anarta, tunda murya ba ta kaiwa a teku. Na biyu, kafin a shiga wani aiki mai hatsari yakan tara shugabannin jiragen ya zaunar da su, ya bayyana musu abin da za a yi tun daga fari har ƙarshe, don ko hayaƙi ya rufe ido kowa ya san nasa.

Wata rana wani malamin makaranta ya ce masa, “Baba, ai irin jiragen nan ne suka share wa Turawa hanyar zuwa mulkinmu.”

Baba ya gyaɗa kai ya ce, “Gaskiyarka, malam, ban musa ba. Ni ba ƙasarsu nika yabo ba. Yadda mutumin ya san iska, da yadda ya riƙe mutanensa, shi nika kallo.”

Mu 'ya'yansa mun gaji da labarin har mun haddace. Inna takan ce idan ta sake jin busasshen burodin nan za ta koma gidansu. Mutanen gari kuwa suka laƙaba masa Adimiral, yawanci da dariya a ciki.

Dariyar ta ƙaru a shekarar da ya shigo ɗakina da ɗaurin buhunan shinkafa wofi da ya sayo a Kaoje, ya zube mini a gaban keke.

“Ɗiyata, ki farke waɗannan ki haɗe mini su wuri guda. Babba nika so, kamar bangon ɗaki.”

“Baba, shanya za ka yi?”

“Ke dai ɗinka. Ki ninka bakin sau biyu, ki sa igiya a ciki.”

Allurar keke ta ƙi buhu, ta karye mini har na haƙura na ɗauko basilla na yi da hannu. Yatsuna suka yi kanta. Baba ya kafa doguwar gora a tsakiyar babban jirginsa na katako, ya gicciya wata a sama, ya rataya ƙyallen. Ranar da ya fara gwadawa rabin gari na bakin ruwa, iska ta juya shi ta kai shi cikin ciyawa, yara suka yi ta ihu. Bai ji kunya ba. Ya ci gaba da fita duk yamma har ya gane kan abin, ya riƙa zuwa gona ya dawo yana zaune a bayan jirgi da filafili guda a hannu, ba ya ko gumi. Masunta biyu-uku suka fara kwaikwayonsa a ɓoye da tsohon tamfol.

Sai damina mai ruwa ta zo. Kwara ta cika ta haura fadama, gonakin shinkafa suka zama tafki, ba ka ganin komai sai kawunan itatuwa. Akwai wata tunga a kan gungu, wato tsibiri a tsakiyar ruwa, can wajen iyakar Benin, inda ƙanwar Baba take aure tun ƙuruciya. Goggo ta tsufa a can, mijinta ya rasu, Dendanci ya fi Hausa sauƙi a bakinta. Wata safiya wani masunci ya iso a gajiye ya ce ruwa ya shiga tungar, gidajen gefe sun zube, mutane sun taru a kan tudun masallaci, kuma ruwan bai daina hawa ba. Ƙananan jiragensu ba za su ɗauki mata da yara da tsofaffi su ratsa babban ruwa ba. Jirgin inji ɗaya da ke garinmu injinsa na wajen gyara, na garin gaba kuma ba mai, don a lokacin man fetur ya yi wuyar samu a bakin iyaka.

Aka taru a mashaya, bakin ruwan da jirage ke tsayawa, ana ta surutu. Zuwa ba shi ne matsala ba, jirgi wofi yana bin gefe da gwangwala. Dawowa ce: jirgi cike da mutane, ruwa mai ƙarfi, zurfin da gwangwala ba ta taɓa ƙasa, hannu kuma ya riga ya gaji. Sarkin ruwa, dattijo ne sa'an Baba wanda suka yi wasan ƙasa tare, ya juyo ya dube shi ya ce, “To, Adimiral, yau kam ba dariya. Mi ka gani?”

Wallahi sai na ga Baba ya canza. Ya miƙe, kafaɗunsa suka buɗe, ya ce kowane mai jirgi ya matso. Ya tsuguna ya zana gungun a kan yashi da tsinke, ya zana gaɓarmu. Ya ce iska ba ta tashi sai bayan azahar, kuma daga kudu maso yamma take zuwa, wato daga bayan tungar zuwa wajenmu. Za a tafi yanzu da hannu, a yi lodi, a jira ta. Jiragen da ke da ƙyalle za su ja waɗanda ba su da shi da igiya. Sarkin ruwa ya karɓi tsinken ya nuna inda ruwa ke murɗawa da inda tsofaffin kututture suke a nutse, Baba ya gyara hanyarsa a kan haka. Sannan ya ce in kawo masa ƙyalle uku daga shagona, fari da ja da kore.

“Fari in na ɗaga, a tahi. Kore, a matso kusa da ni. Ja, kowa ya sauke ƙyallensa nan take, ko mi yake gani. Wanda bai gane ba ya tambaya yanzu, cikin ruwa ba tambaya.”

Ya sa kowa ya maimaita. Da na kawo ƙyallayen ya ce, “Ɗauko basillarki da zare, tare za mu.” Inna ta ce ba inda zan je, ina da ɗan goyo. Baba ya ce matan tunga za su fi sakin jiki idan suka ga mace, kuma idan ƙyalle ya yage ba mai ɗinka shi sai ni. Na miƙa wa Inna yaron, ina jin tsoro, amma can cikin raina wani daɗi nake ji wanda ban iya ɓoyewa ba. Ban taɓa wuce gonakinmu a ruwa ba.

Muka bi ta kan gonaki, ina leƙa ruwa ina hango kan shinkafa na rawa a ƙasa. Kafin rana ta take muka iso. Abin da na gani a tudun nan ba zan iya kwatanta shi duka ba: tabarmi, tukwane, kaji a ɗaure, buhunan iri a kan kawuna, tsofaffi zaune a kan turame, ruwa na lasar bangon masallaci. Da suka hango mu, mata suka ɗauki guɗa.

Baba ya hana kowa rububi. Yara da tsofaffi a tsakiyar manyan jirage, kaya a ƙasa, kowa a zaune, ba mai tashi. Goggo ce kaɗai ta ba shi wahala. Ta riƙe igiyar wata tsohuwar akuya ta ce ba ta shiga sai da ita.

“Yaya, wagga akuya ta hi wasu mutane hankali. In ba ta tahi ba, ni ma ina nan.”

“Shigo da ita, amma in ta motsa ke za ki zauna a kanta.”

Aka yi dariya, dariyar farko da aka yi a tudun ran nan.

Lodi ya ƙare, aka yi azahar a tsaye cikin ruwa, iska kuwa shiru. Ko ganye ba ya motsi. Ƙyallena ya rataya kamar wankin da aka manta. Ruwa ya hau dandamalin masallaci. Wani magidanci ya fara faɗa, ya ce a kama filafili a tafi, zaman me ake yi, so ake a nutse a nan? Wasu suka goya masa baya. Baba yana tsaye a bayan jirgi, ya jiƙa yatsa ya ɗaga sama don ya ji iska, sannan ya juyo gare su.

“In mun tahi yanzu, ƙarfinmu zai ƙare a tsakiya, ruwa ya rarraba mu. Ku ba ni kaɗan.”

Sarkin ruwa ya ce, “A ba shi.” Ni kaina na fara shakka. Na dubi Baba na ce a raina, idan iskar nan ba ta zo ba fa? Ga kuma wani abu da na lura manya na satar kallo: can gabas, ƙasan sama ya fara yin baƙi.

Sai na ji sanyi a bayan wuyana. Gefen mayafina ya ɗaga. Ƙyallen ya yi wata ƙara, fat, ya saki, ya sake yin fat, sannan ya cika ya yi ciki kamar mai juna biyu. Gorar ta yi ƙara, jirgin ya zabura a ƙarƙashinmu. Baba ya ɗaga farin ƙyalle sama ya yi kabbara, kabbara ta amsa daga kowane jirgi.

Jama'a, ban taɓa jin abu irin wannan ba! Ba ƙarar inji, ba warin mai, sai shuuu na ruwa a gefen katako, igiyar da ke bayanmu ta miƙe tana jan jirage biyu cike da mutane kamar ba komai. Na waiwaya na ga sauran sun jeru a bayanmu, mai shuɗin tamfol, mai tabarma, har da wanda ya ɗaura zanen gado. Yaran da ke kuka suka koma tafi. Wata tsohuwa ta kama waƙa da Dendanci, mata suka amsa. Goggo ta dafa gwiwata ta ce, “Ke kika ɗinka wannan?” Na ce ni ce. Ban taɓa jin alfahari da sana'ata kamar a wannan lokacin ba.

Da muka shiga babban ruwa wasa ya ƙare. Ruwan ja ne, yana tafe da rassan itace da tarin ciyawa, yana tura mu gefe. Jirgin ƙarshe ya fara yin baya, ruwa na jansa ƙasa. Baba ya ɗaga kore, ya sassauta igiyar ƙyallenmu muka rage gudu, sauran suka matso, har na bayan ya kamo aka jefa masa igiya. Magidancin nan mai faɗa ya ce a bar shi ya biyo a hankali, hadari na zuwa. Baba ko kallonsa bai yi ba.

Muna tsakiya sosai na ji wani ƙyaaat a kaina. Ɗinkin sama ya buɗe, wajen da buhu biyu suka haɗu, iska na fita ta ramin, ramin na ƙara faɗi. Jirgin ya yi sanyi, igiyar baya ta saki.

“Ɗiyata!” in ji Baba.

Na tashi. Maza biyu suka riƙe ƙafafuna, na taka buhun iri na miƙe jikin gora, basilla a bakina. Jirgin na rawa, ruwa na gudu a ƙasa ta kowane gefe, buhun na marin fuskata. Na kamo bakin biyu na haɗa, na soka, na ja, na soka, na ja. Basillar ta shige mini yatsa, ban ji zafin ba sai daga baya. Ɗinki ne mummuna, wanda da almajirata a shago ta yi mini shi sai ta farke, amma ya riƙe. Da ƙyallen ya sake cika, ihun da aka yi har jiragen baya suka ɗauka ba su san dalili ba. Na zauna ina dariya, hawaye na zuba.

Mun fita daga babban ruwa, mun shiga kan fadamarmu, har muna hango rufin kwanon makarantar gari, sai iskar ta ɗauke ɗif. Baƙin gabas ya riga ya rufe rabin sama. Ban ankara ba sai na ga jan ƙyalle a hannun Baba, yana kaɗa shi da dukan ƙarfinsa. Ga gida a gabanmu, ga mutane a gaɓa suna ɗaga hannu, amma ba wanda ya yi gardama. Kowane jirgi ya sauke ƙyallensa. Sarkin ruwa ya nuna wasu itatuwan giginya da ke tsaye cikin ruwa, aka kama gwangwala aka tura can, aka ɗaure jirage jikinsu da jikin juna.

Ba mu gama ɗaurewa ba iskar hadari ta faɗo daga gabas, ta gabanmu. Da ƙyallen nan yana sama, da ta kife mu ko ta mayar da mu babban ruwa. Ruwan sama ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Muka lulluɓe yara da ƙyallen buhun, kowa ya kama abin da ya samu yana kwarfe ruwa, ni da murfin tukunya, Goggo da ƙoƙo, akuyarta na kuka a ƙarƙashinta. Jirgi ɗaya ya sha ruwa har dole aka zubar da buhunan shinkafar da ke ciki, mai su yana kallo yana salati. Wannan asara ta tsaya mana a rai, don irin shekara mai zuwa ne.

Hadarin bai daɗe ba ya wuce. Kafin magariba muka tura da gwangwala muka taɓa ƙasa. Aka yi ta sauke mutane, kowace uwa na laluben 'ya'yanta, mai unguwar tungar na bi jirgi-jirgi yana duba fuskoki. Da ya gama ya juyo ya ce ba wanda ya ɓace, ko jariri. Garin ya ɗauki guɗa. Inna ta ruga ta rungume ni da yaron a bayanta, tana yi mini faɗa tana kuka.

Na nemi Baba ban gan shi cikin taron ba. Can na same shi zaune a bayan wani jirgi da aka kife, shi kaɗai, rigarsa sharkaf. Na kawo masa ruwa a kofi. Ya miƙa hannu zai karɓa, sai na ga hannun na rawa, rawa sosai, har ruwan na zuba. Ya gwada da hannu biyu, ya kasa. Na riƙe masa kofin ya sha.

Na ce, “Baba, ashe kai ma ka ji tsoro?”

Ya dube ni ya yi murmushi. “Tun da na zana layin nan a yashi tsoro bai sake ni ba. Lokacin da iska ta ƙi zuwa, ji na yi kamar in zauna in yi kuka.”

“Amma ko a fuska ban gani ba.”

“In kun gani, wa zai zauna a jirgi? Kada ki gaya wa innarki.”

Ban gaya mata ba sai bayan rasuwarsa.

Mutanen tungar sun zauna a makarantar gari da gidajen dangi har ruwa ya janye, wasu suka koma, wasu suka yi gida a garin Kende. Goggo ta ƙarasa rayuwarta a gidanmu.

Da can ina ɗauka jarumi shi ne wanda Allah ya halitta ba tsoro a zuciyarsa, irin mutanen da ake ba da labarinsu. Ran nan, da kofi a hannuna, na gane ba haka ba ne. Tsoron da ke cikina shi ne a cikin Baba, wataƙila nasa ya fi nawa, don rayukan duka a wuyansa suke. Bambancin kawai, shi ya riƙe nasa a ciki har sai da ƙafar mutum na ƙarshe ta taka ƙasa. Tun daga ranar, duk lokacin da wani abu ya taso a gidana, ciwo ko rashi, idanun yara suka dawo kaina, nakan daidaita fuskata in faɗa wa kowa abin da zai yi. Rawar hannu tana iya jira sai an sauka.